Yanda za ka riƙe wayar ofis ta VoIP a kan VM ba tare da murya ta dinga yankewa ba

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar ofis ta VoIP, wato mai tafiya ta netwok, ya san wannan kiran da ake yi ma mutum da hantsi, "injiniya wayar nan fa ta sake, ina jin mutum kamar yana magana daga cikin rijiya." Ka duba intanet lafiya lau, ka duba saba, wato kwamfutar da ke riƙe da tsarin wayar, tana kunne, ka buga ping yana dawowa ras, amma murya na ta gutsurewa. Ni kam sau da yawa idan na bi diddigi sai in tarar laifin na gidan da aka ajiye sabar wayar ne, wato an ɗora ta a VM, kwamfutar da manhaja ke ƙirƙira a cikin babbar saba, an haɗa ta da wasu VM ɗin guda goma ana ta rabon furosesa kamar ana rabon tuwon gidan biki, alhali ita murya ba ta iya jira.

Bari in fara daga nan domin in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne. Imel idan ya makara da sakan biyu ba wanda zai sani. Murya kuwa yanka ta ake yi ƙanana ƙanana, kowane yanki, wanda ake kira fakiti, milisakan 20, kaga a sakan ɗaya fakiti 50 kenan ke tafiya ta kowane ɓangare, kuma dole su iso a jere a kan lokaci. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta duniya ITU mai lamba G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya kar ya wuce milisakan 150 in ana so hira ta tafi daidai, masu aikin kuma suna ƙoƙarin jita, wato rashin daidaiton isowar fakitin, ta tsaya ƙasa da milisakan 30, asarar fakiti ƙasa da kashi 1 cikin 100. Toh ka ɗauka babbar saba gidan haya ce mai famfo ɗaya, kowane VM ɗan haya ne da bokitinsa a layi. Shi VM ɗin akanta ko ya jira minti ɗaya ba komai, amma na waya in aka ce ya tsaya a layi na milisakan 100 kacal, fakiti 5 sun makara, mai sauraro ya ji kalma ta ɓace.

Saboda haka aikin farko shi ne ka ware ma VM ɗin waya nasa kason, kar ka bar shi a layi. A VMware ESXi, ɗaya daga cikin manhajojin da ke riƙe VM, ka shiga saitin VM ɗin ka sa masa ajiyar CPU da ta RAM, ita RAM ɗin ma ka kulle ta gaba ɗaya yanda saba ba za ta zo tana karɓe masa ba idan wasu sun matsu. A Proxmox, wata manhajar irinta, ka cire alamar balun ɗin RAM mai barin saba ta karɓe masa wani kaso, sannan ka ɗaga masa nauyin CPU sama da na maƙwabta. Kuma kar ka ce tunda waya na da muhimmanci bari in zuba mata vCPU 16, wato kason furosesa da ake ba VM, wannan kuskure ne da mutane ke yawan yi da kyakkyawar niyya, VM mai vCPU da yawa ya fi wahalar samun gurbi a saba mai cunkoso, gara 2 ko 4 da aka tabbatar nasa ne. Idan manhajar wayar ofis ta Cisco Unified Communications Manager (CUCM) kake riƙe, wanda tsofaffin hannu har yau suke kira CallManager, shi ba ma sai ka yi ta lissafi ba, Cisco na bada fayil ɗin OVA, wato shiryayyen saitin VM, na kowane girma, ka ɗauki wanda ya dace da yawan wayoyinka ka bar shi yanda yake. Tun daga siga ta 10 ba a girka shi kai tsaye a kan ƙarfe, sai a VM, kuma in ka taɓa girman da suka tsara ranar da ka nemi taimakonsu abun da za su fara nuna maka kenan.

Yanda za ka gane ko ana cin haƙƙin VM ɗinka kuwa, a ESXi ka shiga ta SSH ka buga esxtop ka kalli layin %RDY, shi ne lokacin da VM ya shirya aiki amma ba a ba shi furosesa ba. Yawancin masu aikin na ɗaukar kashi 5 ga kowane vCPU a matsayin inda matsala ke farawa, ni dai ga waya ko 2 na gani hankalina ba ya kwanciya. Idan kan KVM kake kamar Proxmox ko sabar haya ta yanar gizo, ka buga top a cikin Linux ɗin kanta, can ƙarshen layin CPU akwai st, lokacin da aka sace maka kenan, ya kamata ya zauna a sifili ko kusa da shi. Ka leƙa BIOS ɗin babbar sabar ma, da yawa suna zuwa a saitin tattalin wuta wanda ke sa furosesa ta dinga gyangyaɗi tana farkawa, ka mayar da shi kan cikakken aiki.

Akwai wani ofis da na taɓa yi ma aiki, kullum wajen ƙarfe 11 na safe sai waya ta lalace na kamar rabin awa sannan ta dawo da kanta. An zagi kamfanin intanet, an canja waya biyu, an canja igiya, har wani ya ce wai zafin rana ne ke taɓa eriya. Na zauna da esxtop a buɗe da kofin shayi ina jira, 11 na bugawa sai ga %RDY ya tashi sama kamar an watsa ma wuta fetur, ashe wani VM ne na ɓangaren kuɗi ke haɗa rahotonsa na kullum a daidai lokacin. Da na ƙara tonawa sai na ga abun da ya fi wannan muni, sinafshot, wato hoton yanayin VM da ake ajiyewa domin a iya komawa baya, da wani ya ɗauka kafin ofdet ya manta da shi wata da watanni, fayil ɗin ya kumbura ya kusa cinye faifan. Gyaran CPU ɗin bai ɗauki minti goma ba, goge sinafshot ɗin ne sai da muka jira dare.

Tunda an zo kan sinafshot bari in tsaya a nan kaɗan, domin nan ne mutane suka fi yaudarar kansu. Sinafshot ba bakof ba ne, wato kwafin ajiya a wani wuri daban, yana zaune ne a faifai ɗaya da VM ɗin, in faifan ya mutu sun tafi tare. VMware da kansu suna cewa kar a bar shi ya wuce awa 72. Kuma lokacin ɗaukarsa da lokacin goge shi ana ɗan daskarar da VM ɗin, wani lokacin ƙiftawar ido wani lokacin sakanni da dama, a waya kuwa wannan na nufin kira ya yanke ko wayoyi su ga kamar saba ta mutu su fara neman wata. Manhajojin bakof irin su Veeam da sinafshot ɗin suke aiki ta ƙarƙashin ƙasa, saboda haka ka duba jadawalinsu kar ya faɗo lokacin aiki. Ga CUCM kuwa Cisco ba su yarda da sinafshot ba sam, nasu tsarin sunansa DRS, yana tura bakof zuwa sabar SFTP, kuma ka riƙe wannan da kyau, da faswod ɗin tsaro na kulasta, wato rukunin sabobin wayar, ake kulle bakof ɗin, in ka manta shi ko aka canja ba a rubuta ba toh fayil ɗin da ke hannunka bai da maraba da dutse. Sigar da za ka mayar a kai ma dole ta zama iri ɗaya da wadda aka ɗauka. A FreePBX, shafin gudanar da manhajar sabar waya ta Asterisk, akwai ɓangaren bakof a ciki, ka sa shi ya dinga turawa wata na'ura daban kowane dare. Sannan ko sau ɗaya a wata uku ka tada VM na gwaji a netwok ɗin da ba ya haɗe da komai ka mayar da bakof ɗin ka gani da idonka, ba a fafe gora ranar tafiya.

Haka nan ɗaukar VM daga wannan saba zuwa waccan yana kunne, wanda VMware ke kira vMotion, abu ne mai daɗi amma ka kashe na atomatik ga VM ɗin waya, ka yi da hannunka bayan an tashi aiki. In kana da saba biyu na waya, kamar fablisha da sabsikiraiba a Cisco, wato babba da mai bin ta, ka sa dokar da za ta hana su zama a ƙarfe ɗaya, in ba haka ba meye amfanin biyun.

Sai agogo. Wannan ƙaramin abu ne da ke jawo babban ciwon kai, agogon VM yana zamewa domin ba shi da ƙarfen kansa. Ka zaɓi hanya ɗaya ta saita lokaci, NTP mai ɗauko lokaci ta netwok, ka kashe ɗaya hanyar da VM ke kwafar lokaci daga babbar saba, in ka bar biyun suna ta jan agogon gaba da baya. A Linux ka sa chrony ka duba da chronyc tracking. A CUCM ka buga utils ntp status, fablisha ne ke ɗauko lokaci daga waje sauran su ɗauka a wajensa, kuma Cisco ba sa son a jingina shi da agogon Windows. In lokaci ya karkace takardar shaidar TLS sai ta ƙi karɓuwa, tarihin kira ya rikice, rumbun bayanan da ke tsakanin sabobin ya daina daidaituwa, wanda za ka gani da utils dbreplication runtimestate.

Yanzu netwok. Katin netwok na VM ɗin ka sa VMXNET3 a VMware ko virtio a Proxmox, ka rabu da E1000. Wayoyin tebur ka ware musu VLAN, wato yankin netwok, nasu daban da na kwamfutoci, suwic mai hankali zai gaya ma waya VLAN ɗinta da kansa ta LLDP-MED ko CDP in na Cisco ne, DHCP kuma ya nuna mata inda za ta ɗauko saitinta, zaɓi na 66 ga irin su Yealink da Grandstream, na 150 ga wayoyin Cisco. Murya ana yi mata tambarin fifiko DSCP 46 wanda ake kira EF, saƙon haɗa kira kuma CS3 wato 24, amma fa tambarin banza ne in suwic da rauta ba a gaya musu su girmama shi ba, kuma da zarar fakiti ya fita intanet ɗin gama gari ba mai kallon tambarinka. Abun da ke hannunka shi ne bakin ƙofarka, ka sa rauta ta fifita murya wajen fita domin kar wani mai tura bidiyo ya toshe layin.

Lissafin layin ba wuya. Kodek shi ne tsarin mayar da murya bayanan kwamfuta, na G.711 ana cewa 64 kbps ne, amma in ka haɗa da kawunan fakiti a kan Ethernet yana kai wajen 87 kbps kowane ɓangare, kaga kira 30 a lokaci ɗaya kusan 2.6 Mbps kenan fita da kuma irinsa shigowa. G.729 shi 8 kbps ne, da kayansa wajen 31, yana da amfani a reshen da layinsu ke da rauni amma murya ba ta kai ta G.711 daɗi ba, kuma duk lokacin da saba ta tsaya juya wannan kodek zuwa wancan CPU take ci, wanda ya dawo da mu kan maganar farko. In zai yiwu ka sa wayoyi da tirank, wato layin da ke haɗa sabarka da kamfanin waya, su yi magana da kodek ɗaya. G.711 ɗin ma iri biyu ne, alaw da ake amfani da shi a Turai da Afirka, ulaw na Amurka da Japan, yawancin manhajojin da ulaw suke zuwa a sama tunda can aka ƙera su, ka tambayi mai ba ka tirank wanne yake so. Yawan layukan da za ka saya kuwa akwai lissafin Erlang B, misali in a awar da ta fi cunkoso matsakaicin kiran da ke gudana 10 ne, layi 18 kake buƙata domin wanda zai tarar da layi a cike ya zama ƙasa da kashi 1 cikin 100.

Matsalar da ta fi kowacce yawa bayan yankewar murya ita ce "ina jinsa ba ya jina". Kusan kullum NAT ne, wato yanda rauta ke ɓoye adireshin cikin gida a bayan na waje. SIP na bi ta ƙofa 5060, ko 5061 in da TLS, shi aikinsa kawai ya haɗa kiran, ita muryar RTP ce ke ɗauke da ita ta wasu ƙofofin UDP daban, a Asterisk daga 10000 zuwa 20000 in ba ka canja ba. Toh sai waya ta yi ƙara a ɗauka lafiya tunda SIP ya wuce, muryar kuma ta maƙale a fayawol. Ka buɗe ƙofofin RTP ɗin, ka gaya ma saba adireshinta na waje da kuma jerin netwok ɗin cikin gida, a PJSIP, ɓangaren SIP na Asterisk, su ne external_media_address da external_signaling_address da local_net, a FreePBX kuma suna cikin saitin SIP. Sannan ka nemo wani abu a rauta mai suna SIP ALG ka kashe shi, wai taimako aka sa shi ya yi amma ni ban taɓa ganin inda ya gyara ba sai ɓatawa. In kira na yankewa daidai wajen sakan 30 kullum, shi ma alamar adireshin ne, saƙon ACK bai iso ba sai saba ta gaji da jira ta katse. Masu Starlink da layin 4G ku sani yawanci a bayan CGNAT kuke, ba ku da adireshin waje na kanku, saboda haka tura ƙofa ba zai yi aiki ba, mafita ita ce tirank mai rajista ko VPN zuwa inda ke da adireshi tsayayye. Af, in har yanzu kana kan chan_sip, tsohon ɓangaren SIP na Asterisk, ka fara shirin ƙaura zuwa PJSIP, an cire shi gaba ɗaya a Asterisk 21 da ya fito a 2023.

Kar ka dinga canje-canje a makance, ka girka sngrep a sabar, yana zana maka kiran a kan allo da kibiyoyi, wa ya ce me wa ya amsa, nan take za ka ga adireshin da aka rubuta ba daidai ba. In murya ce ke gutsurewa ka kama fakitin da tcpdump ka buɗe a Wireshark, a ɓangaren RTP zai nuna maka jita da asara na kowane kira, har ka iya sauraron muryar in G.711 ce. Dabarar ita ce ka kama a wuri biyu, in fakitin sun fito daga sabar da kanta a hargitse toh laifin VM ne, in sun fito a jere suka isa a hargitse laifin hanya ne, kaga ka san wanda za ka kira ka yi ma faɗa.

Maganar ɓarayi kuma wallahi ba wasa ba ce. Ka buɗe 5060 ga duniya ka zauna kallon sngrep, ba za ka daɗe ba za ka ga baƙi na ƙwanƙwasawa, wasu har da sunan friendly-scanner, suna gwada lambar ciki 100, 101, 1000 da faswod na banza. In suka samu shiga sai su jira daren Juma'a ko hutun sallah su dinga buga lambobin ƙasashen waje masu tsada waɗanda suke da kaso a ciki, ranar Litinin a kawo ma oga takardar kuɗi ya kusa suma. Saboda haka 5060 ka buɗe ma adireshin mai tirank ɗinka kaɗai, ma'aikatan da ke waje su shigo ta VPN ko ta SBC, na'urar da ke gadin ƙofar kira, kowace lamba faswod mai tsawo wanda na'ura ta haɗa, fail2ban mai toshe masu gwada faswod a kunne, kiran ƙasar waje a rufe ga kowa sai wanda aikinsa ya buƙata, kuma ka roƙi mai tirank ya sa maka iyakar kuɗi ta rana. Shafin gudanarwa na sabar da na ESXi ko Proxmox kar su taɓa kallon intanet kai tsaye. Tirank ɗin ma ka saya wajen mai lasisi, a Najeriya hukumar NCC ba ta wasa da masu shigo da kiran waje suna ɓoye shi da lambar gida. Kuma ka gwada lambar gaggawa 112 ka tabbatar tana fita daga kowace waya ko da an rufe mata kiran waje.

Sai wuta, wadda mu a nan ita ce uwar matsala. Wayoyin tebur daga suwic suke shan wuta ta PoE, wato ta igiyar netwok, kaga in saba na kan inbata amma suwic ɗin bene na biyu ba ya kai, an ɗauke wuta wayoyi sun mutu saba na zaune ita kaɗai tana jiran kira. Ka bi kowane suwic da rauta da akwatin mai kawo intanet ka tabbatar suna kan UPS da zai riƙe su har janareta ya tashi. Ka haɗa UPS ɗin da saba ta yanda in batir ya kusa ƙarewa za ta kashe VM ɗin a hankali, manhajar NUT na yin wannan kyauta, domin rumbun bayanan waya ba ya son a fizge masa wuta. A BIOS ka sa ta kunna kanta in wuta ta dawo, sannan ka tsara jerin tashi, DNS da DHCP da NTP su fara, a ba su minti biyu ko uku, sai sabar waya, in Cisco ne fablisha kafin sauran. Ka gwada wannan wata ranar Asabar da gangan, ka kashe komai ka kunna ka koma gefe ka naɗe hannu ka ga ko wayar tebur za ta dawo da kanta.

Faifai ma ka sa masa ido in kuna naɗar kira, WAV na cin kusan 1 MB kowane minti, ofis mai yawan kira sai ka ga ya cika faifan ba sallama, in ya cika kuma komai tsayawa yake. Ka ba rikodin faifansa daban, ka sa ƙararrawa a kashi 80, Zabbix ko ma ɗan sikirif da zai turo maka saƙo ya isa.

Game da wanne gida, wato manhajar riƙe VM, za ka zaɓa, tun da Broadcom ta sayi VMware a ƙarshen 2023 ta daina sayar da lasisin dindindin ta koma na biyan shekara shekara, mutane da yawa sun fara kallon Proxmox, kuma gaskiya ga Asterisk da FreePBX yana aiki sumul, FreePBX 17 ma a kan Debian 12 yake zaune. Amma in na Cisco ne ko Avaya ko Mitel, kar ka ɗauke shi ka kai inda ka ga dama domin wani ya ce ya gwada ya tashi, ka buɗe takardar kamfanin ta sigar da ke hannunka ka ga waɗanne gidaje suka amince da su. Kafin ƙaurar kuma ka rubuta adireshin MAC na VM ɗin da sunansa da IP ɗinsa a takarda, wasu lasisin da su aka ɗaure su, ka yi aikin daren Juma'a yanda kana da Asabar da Lahadi a gabanka, tsohon VM ɗin kuma ka kashe shi kawai kar ka goge sai sabon ya yi sati biyu yana ɗaukar kira ba wanda ya kira ka da hantsi.